KoboToolbox a binciken ciwon suga, ƙiba da abinci a Gombe: abin da yake iyawa, da abin da ya rage a wuyan jami'a

Yawancin binciken ciwon suga da ke lalacewa, tun a wajen tattara bayanai yake lalacewa, kafin a kai ga mai lissafi. A rubuta tsawon mutum 16.5 maimakon 165, a saka sakamakon suga na ma'auni ɗaya a gurbin wani ma'aunin, a auna ƙugun mace mai ciki a lissafa ta cikin masu teɓa. Idan takarda aka yi amfani da ita, sai bayan wata biyu, lokacin da ake shigar da bayanan cikin kwamfuta, ake ganin ɓarnar, alhali babu halin komawa Dukku ko Nafada neman mutumin. Wannan ne ya sa ɗaliban digiri na biyu da likitoci masu neman ƙwarewa a Jami'ar Jihar Gombe, Jami'ar Tarayya ta Kashere da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe suke da dalilin duba KoboToolbox, manhajar tattara bayanan bincike ta waya, da kyau. Hukuncina a kansa: ga binciken shiga gari sau ɗaya a auna mutane a fito, da wuya a sami abin da ya fi shi a kyauta. Ga bibiyar majiyyata wata bayan wata, yana da rauni, kuma akwai nauyin da ba zai taɓa ɗauke wa jami'a ba.

Phuong Pham da Patrick Vinck ne suka kafa shi a 2005, ya daɗe a ƙarƙashin wata cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard a Amurka, yanzu kuma ƙungiya ce mai zaman kanta da ba ta neman riba take riƙe da shi. Kashi biyu ne. Akwai shafin intanet inda ake gina fom a kuma karɓi bayanai, akwai manhajar KoboCollect da ake sakawa a wayar Android. Da zarar an sauke fom a waya, ba a bukatar sabis, mai tattara bayanai zai iya yini a ƙauyen Balanga yana cikewa, da yamma idan ya shigo inda akwai netwok ya tura. Mai iPhone ba shi da manhajar, sai dai ya buɗe fom ɗin ta burauza, kuma ban ba da shawarar haka a aikin ƙauye ba, domin share tarihin burauza na iya tafiya da abin da ba a tura ba. Tsarinsu na kyauta ga masu aikin da ba na kasuwanci ba yana karɓar fom 5,000 a wata da ajiyar gigabait 1. Fom 5,000 ya ishi kowane ɗalibi. Ajiyar ce ke cika da wuri idan ana ɗaukar hotuna.

Ana iya gina fom ta danna-danna a shafinsu, amma duk mai binciken da ke da awo da lissafi gara ya koyi rubuta shi a Excel, tsarin da ake kira XLSForm. Shafuka uku ne: survey na tambayoyi, choices na amsoshin zaɓi, settings na saituna. A nan ƙarfin Kobo yake, a ginshiƙai uku na shafin tambayoyi: constraint mai hana amsar da ba ta shiga hankali, relevant mai ɓoye tambaya ko bayyana ta, da calculation mai yin lissafi nan take.

Ɗauki awon manya. A tsawo ka sa iyaka, misali daga santimita 100 zuwa 220, a nauyi daga kilo 25 zuwa 250, ka rubuta saƙon gargaɗin da Hausa yadda mai cikewa zai gane me ya ɓata. Kada ka matse iyakar sosai. Idan ka hana nauyin da ya wuce kilo 120, ranar da aka sami mai kilo 134 ma'aikacinka zai rubuta 120 don fom ya wuce, ka yi asarar ainihin mutumin da binciken ƙiba yake nema. Dabarar da ta fi ita ce iyaka biyu: mai faɗi wadda ke hana wucewa, da wata tambayar tabbatarwa da ke fitowa idan adadin ya yi nisa da na yau da kullum. Lissafin BMI, ma'aunin da ake gane ƙiba da shi, kuwa, nauyi ne a kilo a raba da tsawo a mita sau kansa, kuma a nan sababbi ke tuntuɓe, domin fom ɗin ba ya gane alamar / a matsayin rabawa, kalmar div ake rubutawa. Daga 25 an shiga nauyin da ya wuce kima, daga 30 ƙiba ce. A auna tsawo sau biyu, a sa fom ya buɗe awo na uku da kansa idan bambancin ya wuce rabin santimita. Tambayar juna biyu ta zo kafin awon ƙugu, idan amsar e ce, awon ya ɓuya. Ga ƙugu, ƙungiyar ciwon suga ta duniya, IDF, ta ce a yi amfani da santimita 94 ga maza da 80 ga mata a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, alkaluman da aka aro daga Turawa. Don haka ka adana ainihin adadin da aka auna, kada ka adana "ya wuce" ko "bai wuce ba" kawai, saboda mai nazari na gaba ya iya gwada wata iyakar.

Wani abu da ke ɓata bayanai a ɓoye shi ne rubuta 999 a gurbin nauyi idan mutum ya ƙi hawa sikeli. Mutum biyar masu 999 sun isa su ɗaga matsakaicin nauyin unguwa gaba ɗaya. Ka sa tambaya a gaba: an auna, ya ƙi, ko ba ya iya tsayuwa. Gurbin adadin ya fito ga wanda aka auna kaɗai.

Sashen suga ne ya fi bukatar natsuwa. Na'urorin gwaji da ke hannun mutane iri biyu ne, wasu na nuna mg/dL, wasu mmol/L, kuma tsakaninsu ninki 18 ne. Iyakar ciwon suga ga wanda ya kwana bai ci komai ba ita ce 7.0 a mmol/L, daidai da 126 a mg/dL. Idan tawaga na da na'urori gauraye, ginshiƙi ɗaya zai cika da 5.4 da 97 da 6.1 da 110, wanda bai lura ba sai ya fitar da rahoton cewa rabin gari na da suga. Maganin shi ne fom ya fara tambayar wane ma'auni na'urar ke nunawa, kowanne da iyakarsa, sannan ya juya su zuwa ma'auni ɗaya da kansa. A tanadi zaɓi na lokacin da na'ura ta nuna HI, abin da da yawansu ke yi idan suga ya haura 600 a mg/dL, domin gurbin adadi ba zai karɓi haruffa ba, kuma wannan mutumin asibiti yake bukata a ranar.

Tambayar "ka ci abinci?" ba ta isa ba. A wajen mutanenmu shayi da kunu da koko ba abinci ba ne, dattijo zai ce maka bai karya ba alhali ya sha shayi mai suga cokali uku bayan sallar asuba. A tambaya dalla-dalla: ƙarfe nawa ka sa wani abu a baki na ƙarshe ban da ruwa, shayi ne, kunu ne, dabino ne? Ana bukatar aƙalla awa 8. Idan bai cika ba, fom ya ajiye gwajin a matsayin na kowane lokaci, wanda iyakarsa 11.1 ce a mmol/L, ko a ba shi wata rana. Haka kuma a sa gurbin lambar na'ura da lambar kwalin tsinken gwaji. Yawancin tsinken ana so a ajiye su ƙasa da digiri 30, zafin Gombe a watan Maris da Afrilu kuwa yana kai 40, kwalin da ya yini a cikin mota a rufe zai iya ba da sakamakon da ya karkace. In akwai lambar kwali a bayanan, za ka gano cewa duk sakamakon da ya yi wani iri daga kwali ɗaya ya fito. Masu amfani da HbA1c, gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na watannin baya, mai iyakar kashi 6.5, su ƙara tambayar rukunin jini na sikila da ƙarancin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da AS, kuma wasu hanyoyin gwajin na ba da sakamako mara inganci ga masu irin wannan jinin, ga masu SS kuwa gwajin ba abin dogaro ba ne.

Abin da na fi yaba wa Kobo a nan shi ne saƙon turawa asibiti. Alkaluman IDF na 2021 sun nuna fiye da rabin masu ciwon suga a Afirka ba su san suna da shi ba, ke nan duk binciken da ya shiga unguwa zai tarar da su. Kana iya sa rubutu ya fito a fuskar waya idan suga ya kai iyaka, ko ya faɗi ƙasa da 3.9 a mmol/L, ko hawan jini ya kai 180 bisa 110, yana cewa a cike takardar turawa a kuma sanar da mai kula da tawaga, fom ya ƙi rufuwa sai an amsa cewa an yi. Haƙƙin mutumin da ya miƙa yatsarsa ne a gaya masa abin da aka gani, kuma gwajin yatsa tantancewa ce kawai, asibiti ne zai tabbatar. Ga hawan jinin kansa, tsarin STEPS na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a huta minti 15, a auna sau uku da tazarar minti 3, a ɗauki matsakaicin biyun ƙarshe. Fom zai yi lissafin, kuma idan ka kunna audit, wanda ke rubuta lokacin da aka ɓata a kowace tambaya, za ka ga ma'aikacin da ya shigar da awo uku cikin daƙiƙa 40.

A ɓangaren abinci kuwa, yabon ya ragu. Tambayar nau'o'in abinci ta mata, MDD-W, mai rukuni 10 da ake neman aƙalla 5, tana tafiya lafiya lau, fom ma zai ƙirga makin. Sai dai a hana haɗa "babu ko ɗaya" da wani zaɓin, domin yatsa na taɓa biyun. Wahalar tana wajen tambayar duk abin da mutum ya ci cikin awa 24. Kowane abinci na bukatar zagayen tambayoyi nasa, wato begin_repeat, kuma idan aka bar ma'aikata su rubuta suna da hannu za ka sami "tuwon masara", "tuwo masara", "T. masara" da "tuwo" a matsayin abinci huɗu. Dole ka shirya jerin abincin yankin tun farko a fayil, kowanne da lambarsa, a riƙa zaɓa ta hanyar bincike: tuwon masara, na dawa, na shinkafa, miyar kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, masa, ɗanwake, dambu, fura da nono, ƙosai, awara, kunun gyaɗa, kunun zaƙi, zoɓo, lemon kwalba da girman kwalbar. Kobo ba ya san sinadaran abinci. Zai ba ka suna da yawa kawai, kai ne za ka haɗa su da teburin sinadaran abinci, irin na Afirka ta Yamma na 2019 da FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar.

Yawan abin da aka ci ya fi sunan wuya. Malmalar tuwo ta wannan gida ba ta zama ɗaya da ta maƙwabta ba, ludayi iri-iri ne, ga kuma cin abinci a kwano ɗaya, inda mutum huɗu suka sa hannu babu mai iya cewa ga rabonsa. Kafin a fita, a sami ƙaramin sikelin kicin a auna malmala ƙarama da matsakaiciya da babba, a auna ludayin miya da kofin kunu da ƙwallon fura, a ɗauki hotonsu kusa da cokali don a ga girma, a saka hotunan cikin fom mutum ya nuna da yatsa. A ƙara tambayar mutum nawa suka ci a kwanon, manya nawa yara nawa. Suga a tambaye shi daban, a shayi, a kunu, a fura, a gari, ƙaramin cokali ɗaya kimanin giram 4 ne. A rubuta ko ranar ta azumi ce, ko ta biki ko suna, domin cin Litinin ɗin mai azumin nafila ba ya wakiltar makonsa. Idan za a ɗauki hoto a fili, a sa max-pixels=1024 don rage girman hoton, in ba haka ba hotunan wayoyin yanzu za su cinye gigabait ɗin cikin 'yan kwanaki.

Ga yara 'yan wata 6 zuwa 59, awon damtse yana da sauƙi: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, daga nan zuwa ƙasa da 12.5 matsakaiciya, a tsayar da ma'auni ɗaya, santimita ko milimita. Makin kwatanta tsawo da nauyi da shekaru kuwa, sai an fitar da bayanan zuwa manhajar WHO Anthro ko ta ENA, waɗanda ke bukatar jinsi, ranar haihuwa, kumburin ƙafa, da ko a kwance aka auna yaron ko a tsaye. Wanda bai kai wata 24 ba a kwance ake auna shi, kuma akwai gyaran santimita 0.7 idan aka saɓa. Mantawa da wannan tambaya ɗaya na jawo aiki mai yawa daga baya. Inda babu katin haihuwa ko na rigakafi, a shirya kalandar abubuwan da gari ya sani, azumi, sallar layya, girbin gero, farkon damina. A kuma duba kwanan watan kowace waya da safe, domin daga shi fom ke lissafa watannin yaro.

Harsuna ba matsala ba ne. Fom ɗaya na ɗaukar Turanci da Hausa da Fulfulde da Tangale, kowanne a ginshiƙinsa, ma'aikaci ya sauya a tsakiyar hira ba tare da amsa ta ɓace ba. Haruffa masu ƙugiya na fitowa daidai a rubutun tambaya, amma kada a sa su a sunayen ginshiƙai, a rubuta kugu da kiba kawai, ba tazara. Wajen sauke bayanai a zaɓi nau'in fayil na XLS. Fayil ɗin CSV ba ya ɗauke da zagayen tambayoyin abinci, kuma Excel kan dagula ƙ da ɗ idan aka buɗe shi kai tsaye. A XLS, zagayen na zuwa a shafi daban, ana haɗa shi da babban shafi ta _index da _parent_index.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne gyara fom bayan an fara aiki. Gyaran rubutun tambaya ba ya cutarwa. Sauya sunan ginshiƙi ko lambar zaɓi kuwa yana raba bayanan gida biyu, kuma duk wayar da ba ta sauke sabon fom ba, da tsohon za ta ci gaba. A yi gwaji na gaske da mutum 20 ko 30 a unguwar da ba ta cikin binciken, a sauke bayanan, a yi musu lissafin da za a yi wa na ƙarshe, sannan a rufe fom. A kulle saitunan KoboCollect da kalmar sirri don kada wani ya share fom ɗin da ba a tura ba, a tanadi fawa bank, a kuma tura kullum, domin wayar da ta ɓata da aikin kwana biyar a cikinta ta tafi da shi ke nan. Kuɗin wayoyi da data da caji su shiga kasafin tun lokacin neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Inda Kobo ya gaza sosai shi ne bibiya. Mai son ganin masu ciwon suga na asibiti duk bayan wata uku zai iya haɗa fom biyu ko ya jawo tsofaffin bayanai daga fayil, amma aikin na da sarƙaƙiya, kuskure ɗaya a lambar majiyyaci ya isa ya mai da mutum ɗaya ya zama biyu. Buga lambobin a matsayin bakod a manna a katin majiyyaci yana rage wannan. Duk da haka REDCap, wani tsarin tattara bayanan bincike wanda Jami'ar Vanderbilt ta ƙirƙira a 2004, shi aka gina don wannan aikin: jadawalin ziyara, tarihin duk wanda ya taɓa kowane adadi, da cire sunaye kai tsaye wajen fitar da bayanai. Lasisinsa kyauta ne ga cibiyoyin da ba na riba ba, amma cibiya ake ba, ɗalibi ba zai samu da kansa ba, kuma sai da sabar, wato babbar kwamfutar ajiye bayanai, da ma'aikacin kwamfuta mai kula da ita. Wannan aikin jami'a ne da asibitin koyarwa, kuma duk sashen da ke son binciken ciwon suga mai ɗorewa ya kamata ya matsa a samar da shi.

Sai batun sirri. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman, sabar Kobo kuma a ƙasashen waje take, abin da ya wajaba a bayyana wa kwamitin ɗa'ar bincike, na asibitin koyarwa ko na ma'aikatar lafiya ta jiha. Suna da lambar waya su zauna a rajista daban a kulle, fom ya ɗauki lamba kawai. Wurin GPS na ƙofar gida ma shaida ne, a ƙauye mai gida talatin ya isa a gane wace ce mai ciwon. Akwai damar rufe bayanai da mabuɗi, amma idan aka kunna ba za a iya duba su a shafin ba, sai an sauke an buɗe da manhajar kwamfuta ta ODK Briefcase, mabuɗin kuma in ya ɓata babu mai iya dawo da komai. Masu tattara bayanai a ba kowanne asusunsa da izinin turawa kawai, kada a raba kalmar sirrin mai aikin ga mutum goma. Asusun da ya mallaki aikin kuwa ya zama na sashe, da imel na jami'a, malamin da ke duba aikin yana da izinin gani, saboda idan ɗalibi ya kammala ya tafi bayanan su zauna inda na bayansa zai same su, tare da fom ɗin Excel da takardar da ke bayyana ma'anar kowane ginshiƙi.